Kifayen Chaina a Ɗakin Amarya

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren 'yata ba. Har yau in na ga kifi a allon talabijin sai na ji gabana ya faɗi.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa, mu ne masu buta da bokiti. Wata shekara kamfani ya sayi sabon inji, aka tura mu Chaina mu koyo yadda ake sarrafa shi. (Sati biyu na yi, amma in ka ji ni ina ba da labari a majalisa, ka rantse can aka yanke min cibiya.) A can na ga wata talabijin, faɗinta kamar ƙofar gareji, sunanta kuwa ban taɓa jin sa a Kano ba. Lokacin bikin 'yar farina ya matso. Na ce shi ke nan, ɗakin Ummi zai samu abin da babu shi ko a gidan gwamna. Na saye ta, na roƙi manajanmu aka cusa ta a kwantenar injin.

Da ta iso na je wurin aminina Alhaji Bala, mai sito a Bompai, wanda shigo da kayan lantarki ne sana'arsa. Na je ne ya yaba. Ya karanta kwalin, ya kalle ni.

"Mutumina, ka san me ya sa babu irinta a Kano?"

"Saboda ba ku da ido."

"Ido? Mu da muke kwana a kasuwanninsu? Wannan don 'yan ƙasarsu suka yi ta. Ba su da dila a nan, ba kayan gyara, ba mai gyara. Kafin kamfani ya kawo kaya wata ƙasa sai ya nemi izini, ya canza yare, ya canza filogi, ya buɗe wurin gyara. Su kuwa kasuwar gida ta ishe su. Buɗe mu gwada ta."

Na ce Allah ya kiyaye. Kayan ɗakin amarya a kwalinsu ake kai su, dangin ango su ga an yage leda a gabansu, kada a ce mun kai kwance. Na tafi ina cewa a raina hassada ce irin ta 'yan kasuwa.

Amma maganarsa ta tsaya min a rai. Kullum na wuce kwalin nan a falo sai na ji kamar yana hararata. Ga shi na riga na cika unguwa da baki, har mai ɗakina ta faɗa wa mata cewa Baban Ummi yana jin yaren Chaina. (Kalma biyu na sani: sannu da na gode.)

Ranar jere ina wurin aiki, injin yana ta aman butoci, sai ga wayar mai ɗakina.

"Baban Ummi, ka zo yanzu. Abar nan ta ƙi."

"Ta ƙi kamawa?"

"Ta kama. Kifi take nunawa. Ga dangin ango sun zo ganin ɗaki, Hajiya Ladidi tana zaune."

Hajiya Ladidi gwaggon ango ce. Ita ce irin matar da in ta ce "to, ba laifi" a kan ɗaki, amarya za ta shekara tana jin gori. Duk abin da ta gani yau, shi Ummi za ta ci da shi a gidan nan.

Ku kuma duba matsayina. Uban amarya, kuma 'yar fari, wadda ko sunanta na yanka ba na iya faɗa. Ina ni ina ɗakinta ranar jere? Haka na yi sallama cikin mata, da takalmin aiki da warin narkakkiyar roba, kowa ta ja mayafi.

Ga talabijin ta cinye bango. Jajayen kifaye suna yawo, wata mata tana magana a hankali, sai rubutu ya fito kamar an zubar da tsinken ashana, sai kifaye su dawo. An haɗa dikoda, amma ba wanda ya san ta inda ake shiga. Na karɓi rimot. Na danna nan, kifi. Na danna can, ta nemi lambar waya. Na sa tawa, ta ƙi. Na sa ta mai ɗakina, ta ƙi. Lambar ƙasarsu take so.

"Alhaji, ai an ce kuna jin yaren," in ji Hajiya Ladidi. "Me take cewa?"

"Tana... yi wa amarya fatan alheri ne, Hajiya."

"Ikon Allah. Tun ɗazu?"

Wata ta toshe baki da mayafi. Gumi ya gangaro min har cikin safa. Sai na tuna mai shagon da na saye ta a Chaina yana yi wa rimot magana ta amsa. Na danna maɓallin, na gyara murya, na kwarara mata sannun Chaina da ƙarfi, a gaban surukaina. Ta amsa kuwa! Ta yi dogon jawabi ta yi shiru, tana jira na. Ɗakin ma yana jira na. Abin da ya rage min guda ɗaya ne, sai na ce mata na gode.

Ta mayar da kifayenta.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Challawa. Hajiya Ladidi har da share hawaye. Na fita tsakar gida na kira Alhaji Bala, ban ko yi sallama ba.

"Kifi?" ya ce.

"Kifi."

"Ga ni nan."

Kafin la'asar ya iso da talabijin irin wadda ke kowane gida a Kano, a kwalinta, aka yage ledar a gaban Hajiya. Aka kunna, sai ga labaran Hausa. Ta dube ta, ta dubi gado da kujeru, ta ce, "Ɗaki ya yi, masha Allah. Waccan kuwa a mayar wa uban amarya, tunda sun saba hira."

Ummi ta tsira, ni ne ban tsira ba. Yau jikokina na gidan Ummi Baba Mai Kifi suke kira na, kuma abar tana falona, ba ta fasa iyo ba. Abin da na koya shi ne, in ka ga kaya a wata ƙasa babu irinsu a Kano, kada ka ɗauka ka riga Kanawa gani. Sun gani, sun juya kwalin, sun ajiye.