Injiniya da Muryar Goggo

Allah Ya bar mana Yaya Babba, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya gyara rimot da mari biyu. Shi ya buɗe wa zuri'armu zaure a waya, ya naɗa kansa shugaba, ya ɗora hotonsa riƙe da haɓa, a bayansa littattafan da ko ledarsu ba a cire ba.

Zaure kuwa ya cika maƙil, sai dai ba don shi ba. Goggo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta karatu, sai dai ta danna ta yi magana. Kullum da safe takan saki murya ta minti tara, ta gaida kowa da sunan da ta raɗa masa yana rarrafe, cokali na ƙara a kofi. Saboda muryar nan, har kawunnan da suka rantse ba su ba wayar shafa suka je suka saya.

Injiniya ya duba ya ga sanarwarsa mutum uku ke buɗewa, muryar Goggo kuwa saba'in. Sai ga doka ta sha ɗaya.

"'Yan uwa, zamani ya wuce surutu. Daga yau rubutu kawai, murya gogewa zan yi. Ni da na san fasaha ciki da waje ba zan shugabanci kasuwa ba."

Daga ranar muryar Goggo ta ɗauke. Bawan Allah ya samu fili, mako biyu yana zuba jawabi, yana yaba tarbiyyar dangi, ba mai katse shi.

Ran nan sai ya jiyo matarsa a kicin tana ƙyaƙyata dariya, muryar Goggo na tashi daga wayarta. Ashe 'yar Goggo, wadda ke aikin nas, ta buɗe wani zauren, kowa ya kwashe ya koma. Shugaba kaɗai aka bari da dokokinsa.

Ya rubuta wa nas ɗin cewa a shirye yake ya shigo domin ba da shawarar ƙwararru.

Ta ce, "Yaya, dokarmu ɗaya ce. Turo murya, ka faɗi sunan da Goggo ke kiranka, mu tabbatar ɗan gida ne."

Kwana uku yana safa da marwa. A na huɗu ya kulle ƙofar ofis, ya gyara wuyan riga, ya danna.

"Goggo, ina kwana. Mai Majina ne."

Nas ta saka muryar a sabon zaure, mutum saba'in suka saurara, wasu har sau biyu. Jawabinsa na farko ke nan da dangi suka ji har ƙarshe.