Ƙadangare Mai Zoben Azurfa

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na zauna a falona, da furfurata, na shirga ƙarya a gaban surukina. Da ana mayar da rana baya, da ita zan fara. Har yau in na tuna sai in miƙe in zagaya tsakar gida ba gaira ba dalili.

Ni masinja ne mai ritaya, iyakar bokona firamare. Shekara talatin da biyu ina jigilar fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Sai ga autana Nasiru ya auro Rukayya, ɗiyar wani Alhaji na GRA, irin mutanen da a da nake tsayawa bakin ƙofarsu sai an ce in shigo. Kafin su gama gini suka zauna a sashen baya na gidana a Ƙofar Ƙwaya, daf da ɗan lambuna mai zogale da lalle da lemun tsami guda.

Yarinya ce mai ladabi. In ta gan ni sai ta durƙusa, "Baba, ina kwana," ni kuma in kau da kai in amsa wa bango. Haka muka taso, suruki ba ya hira da matar ɗansa.

Da damina ta yi nisa na lura kullum da hantsi tana cikin lambu, gwiwa a ƙasa. Ta kafa kyamara a kan ƙafa uku, mai dogon baki kamar ƙaramin turmi, ta kai shi har kusa da ganyen lalle. Ta fesa ruwa da 'yar kwalba, ta ɗaga farar takarda, in iska ta kaɗa ta tsaya cak kamar an dasa ta. Da ta shiga ɗaki na leƙa. Gizo-gizo ne, ƙato, rawaya da baƙi, ya shimfiɗa yana tun daga lalle har lemo.

Mu a wurinmu yana a gida alamar ƙazanta ce, tsofaffi ma suna cewa tsiya take jawowa. Rannan kuma ƙanwarta ta zo, na jiyo su suna kallon waya suna ƙyalƙyala dariya. Shi ke nan na gama yanke hukunci: hoton ƙazantar gidan masinja ake turawa GRA.

Na faɗa wa uwargidana, Hajiya Rabi. Ta ce, "Malam, ka tambayi ɗanka mana."

"In tambayi yaron da na haifa dalilin da matarsa ke raina ni?"

"To ka tambaye ta."

"Kin taɓa jin inda aka yi haka?"

(A lokacin kunya na kira abin. Yanzu na san sunansa girman kai.)

Washegari daga masallacin asuba na zarce lambu da tsintsiya na share yanar tas. Gari ya sake wayewa ta dawo. Na share, ta dawo. Kwana tara muna wannan kokawa da ƙwaro. Na daina jin daɗin koko, ina tasbihi hankalina yana gindin lalle. Rukayya kuwa sai ta fito ta tsaya, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta koma. Ita ma ba ta da bakin tambayata.

Ranar Alhamis haƙurina ya ƙare. Na ga ta bar kyamarar a wurin an rufe ta da leda, na ce a raina tsoron ruwan sama ne. Na cire silifa na maka wa gizon. Akwai wani ɗan ƙulli a jikin ganye kamar ƙullin magani, na sa hannu na tsinke shi na jefa a kwata. Ranar na sha kokona har da ƙari.

Juma'a bayan an sauko, Alhaji mahaifin Rukayya ya biyo mu gaisa. Na shimfiɗa sabuwar darduma, aka kawo shayi. Sai Nasiru ya ce, "Baba, Rukayya tun jiya kuka take. Aikin digirinta na biyu ya rushe."

Ashe a kan gizo-gizon lambu take bincike a jami'a. Mace ɗaya take bi da hoto, tun daga saƙa har ƙwai har ƙyanƙyasa. Ƙullin da na jefa a kwata shi ne ƙwan, saura 'yan kwanaki. Irin wannan gizon kuma da damina ake samunsa, ga shi ruwa ya kusa ɗaukewa. Shekara guda ke nan ta tafi.

A nan ya kamata in ce ni ne. Kalma biyu kacal. Amma na dubi Alhaji da babbar rigarsa, sai na ji bakina yana cewa, "Ai ƙadangaru ne! Sun addabe mu a unguwar nan. Da idona na ga wani jangwalagwada yana zagaya wurin." Har na ɗaga hannu na nuna girmansa.

Nasiru ya ce, "Yanzu za mu gani. Ta saita kyamarar tana ɗauka da kanta, don ta gano abin da ke lalata yanar. Bari in jona a talabijin."

Daga bakin ƙofa, bayan labule, muryar Rukayya ta fito a hankali. "A bar shi kawai. Tunda Baba ya ce ƙadangare ne, ƙadangare ne."

Nan na gane ta riga ta gani, asirina take rufewa. Amma Alhaji ya ce, "A'a, ɗiyata, bari mu ga ɗan banzan."

Hoton farko ya cika talabijin. Wallahi ban san haka Allah ya yi halittar nan ba. Gashi siri-siri a ƙafafunta, bayanta kamar an yi masa ado da zaren zinariya, ɗigon raɓa a jere bisa yana kamar duwatsun ado, a tsakiyar yanar kuma wani farin ɗinki mai lanƙwasa irin na wuyan riga. Alhaji yana ta "Masha Allah."

Sai wani shuɗin abu ya rufe hoton. Na gaba ya fito sarai: gindin silifa, an riƙe maɗaurinta da ƙusa. Ɗaya irinta na nan bakin ƙofa, kowa ya tsallake ta ya shigo. Na gaba kuma hannu ne riƙe da ƙullin ƙwai. Kyamarar da ke ƙirga gashin ƙafar gizo ba ta bar komai ba: tsagaggen farce, tabon ƙuna, da zoben azurfa mai jan dutse.

Hannun nan shi ke riƙe da kofin shayi. Na ajiye kofin a hankali na cusa hannun cikin riga, kamar hakan zai yi magani.

Alhaji ya gyara gilashinsa ya matsa kusa da talabijin. Ya ce, "Ikon Allah. Malam, ƙadangarun Ƙofar Ƙwaya har zobe suke sawa?"

Hajiya Rabi ce ta fara fashewa da dariya daga tsakar gida. Nasiru ya sunkuyar da kai. Ni na so ƙasa ta tsage.

Bayan la'asar na je ƙofar sashensu, na yi sallama, na dubi Rukayya ido da ido karo na farko. Na faɗa mata duk abin da na zata, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, dariyar da kuka ji, ƙanwata ce ta ce gizon ya fi ta iya kwalliya." Ta yafe. Shekarar dai ba ta dawo ba, 'yan ajinta suka gama suka bar ta.

Da damina ta zagayo ni na fara gano wata macen gizon a jikin zogale, na tafi da sauri har ina tuntuɓe na kira ta. Wata biyu ina gadin wurin da kara, ina korar ƙadangarun gaske, in ta zo ɗauka ni ke riƙe mata farar takarda. Mun ga ƙyanƙyasar tare.

Don Allah, jama'a, kada ku yi irin tawa. In kun ga abin da ba ku gane ba a gidanku, ku buɗe baki ku tambaya kafin ku cire takalmi. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku ce ku ne. Ni shekara uku ke nan, in an gama tuwo Hajiya Rabi ba ta fasa leƙowa ta ce, "A gaya wa ƙadangare abinci ya sauka."