Jan Bijimin da Ke Kwanciya a Gona

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya ƙoƙari? Au, ashe kai ne. Na yi asarar gaisuwata, na ɗauka mutum ne."

"Ajiye sauran, Babarbare. Gobe da safe ka kawo min ita har gida a durƙushe, yadda bawa ke yi wa ubangidansa."

Ranar kasuwa ce, da hantsi, a Kasuwar Shanu ta Potiskum. Mai maganar farko Ba'a Gana ne, tsohon dillalin da kowa ya sani, wanda ake cewa zai iya sayar maka da saniyarka kana riƙe da igiyarta. Na biyun Joda ne, Bafulatanin da ya bar yawon kiwo ya gina gida a unguwar Bolewa, 'yan shanunsa suna hannun ƙanensa a bayan gari. Tun suna samari suke wasan Fulani da Barebari, kuma duk dabbar da Joda zai sayar ta hannun Gana take bi. Yau ya zo da wani ƙosasshen jan bijimi mai ƙaton tozo.

Gana ya zagaya bijimin, ya daki tozon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.

"A ina ka sato shi?"

"A garkena aka haife shi. Ku ne ba ku san yadda ake samun sa ba, sai dai ku gan shi a kasuwa ku cafke igiya."

"Ya fi ka kyau, ɗan Fillo. Ya fi ka ƙiba, ya fi ka hankali. Da shi aka aura wa matarka Laraba da tuni ta huta. Me ya yi zafi za ka rabu da shi?"

"Idon Gogo. Yanar ido ta rufe duka biyun. Likita ya ce a yi aiki kafin abin ya yi nisa."

Gana ya girgiza kai cikin tausayi, don ya sha furar tsohuwar nan, mahaifiyar Joda, fiye da yadda zai iya tunawa.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ka yi tunani da kyau. In ta buɗe ido ta ga abin da ta haifa, cewa za ta yi a mayar mata da yanarta."

"Shi ya sa ranar da za a kwance mata bandeji ba za ka zo ba. Kada ta fara da mummunan gani."

"To saurara, Allah ya kashe ya ba ka. Akwai wani manomi daga Danchuwa, Malam Zulkifli. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya mutu, ga damina ta ƙarato. Tun ɗazu yake yawo yana neman wanda zai haɗa da ɗayan. Manomin da hadari ya taso masa ba ya ja-in-ja. Zai ba da abin da mahauci ba zai taɓa bayarwa ba."

"Ba ya huɗa."

"Wa?"

"Bijimin. Bara na gwada shi a gonata. Da an ɗora masa karkiya sai ya yi ɗan taku ya kwanta a tsakiyar gona. Mun lallaɓa, mun daka, mun sa masa dusa a gaba. Ya ci dusar a kwance."

Gana ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Faɗa maka nake don ka faɗa wa mai saye."

"Ni? A rubuce yake a goshinsa? Ƙafa huɗu lafiya, ido biyu lafiya, haƙora cif. Lalaci ba ciwo ba ne. Gadon gida ne, a wurinka ya koya."

"Aibi ne, tunda don huɗa mutumin zai saya."

"Wataƙila a hannun Bafulatani ne ya raina aikin. Ya shiga hannun manomi na gaske ka ga yadda zai miƙe."

"Manomi na gaske na ba wa aronsa, maƙwabcina. A kafaɗa ya ɗauko garmarsa ya dawo gida."

"Joda, nan kasuwa ce. Masallaci yana can, ga hasumiyarsa. In wa'azi ka zo yi ka hau can."

"Wanda nake wa sujada a can, in na fito ba ya tsayawa a bakin ƙofa tare da takalma. Tare muke shigowa nan."

"Iko sai Allah. Jiya-jiya ka fito daga daji, ko alwala sai da na koya maka, yau kai ne mai fatawa."

"Ka koya min alwala, na gode. Yau ni zan koya maka abin da ake yi bayan an sallame."

"Don Gogo fa nake wannan. In aka sayar wa masu yanka, da kyar kuɗin ya kai."

"Don Gogo nake ƙi. Matar da ko nonon sayarwa ba ta taɓa yarda a ƙara wa ruwa ba, ita zan buɗe wa ido da abincin 'ya'yan wani? In ta tambaye ni yadda aka yi ciniki, me zan ce mata?"

"Ka ce Gana ne ya yi. Zunubin nawa ne, na ɗauka."

"Kayanka sun yi maka yawa, ba wurin ɗora wani."

Suna cikin haka sai ga Malam Zulkifli, wani siririn dattijo da tsohuwar hula. Da ya ga bijimin sai ya tsaya cak. Gana ya gyara babbar riga, ya saki fuska.

"Malam, ga abin da na ce ka jira. Dubi ƙirji. Dubi wuya. Wannan in ya shiga gona…"

"Kwanciya yake yi," in ji Joda.

Gana ya taka masa ƙafa. "Da dare yake nufi. Hausarsa ba ta nuna ba. Joda, je ka sayo mana ruwa mai sanyi."

"Ba na jin ƙishi. Malam, ni ne mai shi. Lafiyarsa ƙalau, amma ba ya jan garma. In nama kake so, ba ka da kamarsa a layin nan. In huɗa ce, kada ka saya."

Manomin ya dubi Joda, ya dubi bijimin, ya daɗe yana shafa bayansa.

"Waken da na ajiye na sayar kaf na zo," ya ce a hankali. "Da na kai shi gida ya kwanta min, da bana sai dai mu yi kallon gonar mutane. Allah ya ba mai jinyarka lafiya in kana da shi, Allah ya rufa maka asiri."

Ya yi musu sallama ya nufi wani layin. Gana ya bi shi da kallo har ya ɓace a cikin ƙahonni.

"Ka ga wancan da ya tafi? Idon Gogo ne yake tafiya da ƙafafunsa."

"Ba shi ne mai ba da ido ba."

"Tunda nake dillanci ban taɓa ganin mai kaya ya kori mai saye da bakinsa ba. Ku Fulani an ce kunya gare ku. Ina kunyar? Ka tsaya gaban mutane kana tona wa dabbarka asiri."

"Kunyar ce ta sa. Ina jin kunyar wanda ke ganina."

"Ni kuwa yunwa nake ji, ita ma tana ganina."

Rana ta take. Masu tayi suka zo suka wuce, wani ya taya abin da Gana ya ce ko akuya ba za a sallama a haka ba. Tireloli masu zuwa kudu suka fara cika. Joda yana ta duban hanyar da manomin ya bi. Gana ya lura.

"Ka fara nadama ko? In aika a nemo shi? Sai in ce ciwon Fulani ne ya taso maka ɗazu, yanzu ka sha magani."

"Ko zan koma da shi gida in sake dawowa wani mako, ba zan canza magana ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina tsoron kada a tashi kasuwa ban sayar ba."

Aka kira azahar. Gana ya karɓi igiyar.

"Je ka fara yi, ni na riƙe. Zunubanka sun fi nawa gaggawa."

Da Joda ya idar ya dawo, sai ya hango wani mutum tsaye gaban bijimin, da sabuwar igiyar garma a kafaɗa. Gana ya ba shi baya, bai ga dawowarsa ba. Joda ya rage tafiya, ya tsaya bayan wata saniya yana ji.

"Na huɗa nake nema," in ji mutumin. "Yana ja?"

Gana ya buɗe baki, ya rufe. Ya sosa ƙeya. Ya dubi bijimin kamar shi zai ba da amsa.

"Ɗan'uwa, ba ya ja. Malalaci ne na ƙarshe. In ka ɗora masa karkiya, sai ka kawo masa matashin kai. Ka gangara layin can ka tambayi Bilyamin, yana da wasu farare biyu da na ga aikinsu da idona."

Mutumin ya yi godiya ya wuce. Joda ya fito yana gyaran murya.

"Me na ji haka?"

Gana ya zabura. "Ba ka ji komai ba. Laɓe kuma? Wannan ma a cikin addinin naka yake?"

"Ba kowa a wurin, Gana. Da ka sallama masa, da kafin in zo ya kai bakin ƙofa."

"Na san halinka ne. Da ka bi shi har ƙauyensu da sandarka kana ba shi labari, ka zubar min da mutunci."

"Ƙarya kake."

"To bakin ne ya ƙi. Na ɗauko maganar tun daga ciki, ta zo nan ta maƙale. Ka lalata min baki, ɗan Fillo, da shi nake ci da iyalina."

"Yanzu ne ma za su ci mai daɗi."

Wajen la'asar wani mai lodin shanu zuwa kudu, da ya rage masa gurbi a mota, ya zo ya taya. Gana ya ja shi, ya ja shi, ba tare da ya yi rantsuwa ko ɗaya ba, har suka daidaita. Bai kai abin da manomin zai bayar ba. Joda ya yi lissafin kuɗin, sannan ya ce, "Na sallama. Zai isa a fara da ido ɗaya. Ɗayan in Allah ya kai mu kaka."

Ya shafa wuyan bijimin, ya juya baya lokacin da ake jansa zuwa mota. Sannan ya ware la'ada ya miƙa wa Gana. Gana ya ture hannun.

"Mayar. Ka haɗa a sayi magani. Ubangida ba ya karɓar la'ada a hannun bawansa."

"Wato ka yarda na kayar da kai."

"Ban yarda ba."

"Gana."

Dillalin ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har yana riƙe kafaɗar Joda.

"Na yarda, ka kayar. Amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. In Barebari suka ji cewa ɗan Fillo ne ya yi min wa'azi a tsakiyar kasuwa har na ɗauka, taruwa za su yi su goge min tsagen fuskata."