Takunkumin Karfasa

A wani daji da tafki ɗaya tak ke shayar da kowa, Dorina shugabar majalisa ta karkata kunne ta ce, "Sake faɗa, Malam Kwaɗo. Zare ne ke kashe kifi? Zaren da ido ba ya gani?"

"Shi ne, ranki ya daɗe," in ji Kwaɗo, mai wankin majalisa. "Tun da Dila ya kawo yadin roban nan mai ƙyalli kuka watsar da saƙin auduga, duk rigar da na cuɗa sai ta zubar da wani ɗan gashi-gashi cikin ruwa. Na auduga yakan ruɓe ya bi laka. Wannan ba ya ruɓewa. Ƙananan kifi su haɗiye shi, ciki ya cika, yunwa tana nan, har rai ya yi halinsa."

Al'adar majalisar ce ba a yin zama biyu da riga ɗaya sai an wanke ta, wannan kuwa shi ne zama na tara a kan maganar.

Dila ya miƙe yana gyara hannun riga. "Jama'a, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na fitar da dajin nan kunya. Da, Alhaji Giwa in ya yi wanki sai ya kwana uku a ɗaki yana jiran shanya. Yanzu kafin ya gama hamma rigarsa ta bushe. Wa ya aiki kifi yawo baki buɗe?"

Giwa ya gyaɗa kai, don gaskiya ce.

A bakin gaɓa Karfasa, wata uwar kifi, ke tsaye cikin ruwa, baki gam. Ita ce mai ƙara. Irinsu a baki suke goyo, kuma cikin 'ya'ya ɗari biyu saura mata goma sha ɗaya, suna can bayan haƙoranta inda ruwan wanki bai kai ba. Shi ya sa Kwaɗo ke magana a madadinta.

Zalɓe magatakarda ya ajiye alƙalami, ya dafe cikinsa da ya yi wata uku yana murɗa masa, ya rasa dalili. "Ranki ya daɗe, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙa'ida ta ce mai ƙara ya yi magana da bakinsa."

Karfasa ta dubi kumfar da ke yawo a kan ruwa, ta dubi Dorina. Sai ta buɗe baki, yaran suka fito suna ƙyaftawa kamar ƙananan taurari.

"Iyayena," ta ce, muryarta a dishe, "ban ce ku yi tsiraici ba. A kafa rariya a bakin magudanar wanki ta tare zaren, a kwashe shi a kai tudu. Rigar da ba ta yi datti ba a bar ta ta huta. Wanda rigar audugarsa ke ƙasan adaka, ya ciro. Kaba tana nan, Malam Kwaɗo ya ce kafin la'asar ya saƙa rariyar."

Tana magana tana kallon autanta yana bin wani jan zare da baki.

Dorina ta share hawaye da hannun rigarta, ta tsoma shi a ruwa ta ɗauraye. Aka shiga shawara. Kowa ya yarda rariya magani ce. Inda aka saɓa, a ina za a ɗaura ta. Magudanar wanki tana ƙofar majalisa, rariya a nan za ta sa baƙi su ɗauka akwai datti a ciki.

Da aka gama, Dorina ta yi gyaran murya.

"Majalisa ta tausaya, ta kuma amince da rariya. Daga gobe kowane kifi zai ɗaura tasa a baki. Dila zai ɗinka su da yadi mai saurin bushewa, a riƙa wanke su kullum safe saboda tsafta. Karfasa, matso a gwada taki. Yaran ki bar su, Malam Zalɓe zai duba su."