Ranar da Na Shaƙe Injin Jirgi da Mai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sabo ba. Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ina gyaran babura a Yalwawa, ana ce mini Injiniya, ni kuma ina amsawa ba ko kunya. Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne wakilin ango, ni zan karɓi aure a wani ƙauye da ke tsallaken kogi can wajen Miga. Uban amarya mutum ne mai ra'ayi, ya riga ya aiko cewa ana idar da Juma'a za a ɗaura, ba ya jiran kowa.

Damina ce, kogi ya cika. Muka iso bakin ruwa da huhun goro da alewa, ni cikin farar shadda da ta sha bugu. Ga jirgi a ɗaure da wani tsohon inji a bayansa, amma mai shi ya shiga gari cin abinci. Mutum ɗaya ce a ciki, wata tsohuwa mai sayar da kifi da ake kira Gwaggo, tana gyara kwandonta. Muka jira har Sabo ya fara zufa. Sai na ce, "Ku hau. Inji ai inji ne."

Na kwance igiya, na tunkuɗa jirgi cikin ruwa (a lura, ban tayar da injin ba tukuna, gorar tuƙi kuma na bar ta a gaɓa). Na matsa robar mai har ta yi tauri, na ƙara matsawa don ihsani, na zaro cok (abin da ake zarowa in inji ya yi sanyi), na finciki igiyar tayar da injin. Injin ya yi tari ya yi shiru.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, yanzu ya ƙetaro da ni, da zafinsa. Mayar da wannan abin da ka zaro."

Na ce, "Gwaggo, ki bar wa masu sana'a sana'arsu." (Wannan magana har yau idan na tuna ta sai na ji kamar in nutse.)

Na ja ya fi sau ashirin, cok na waje. Warin fetur ya cika jirgin, mai ya fara naso a kan ruwa. Ina ɗaga kai na ga ruwa ya tafi da mu. Muka wuce mashigar ƙauyen muna juyawa a hankali kamar ƙwarya, jama'ar da suka fito daga masallaci sun yi cirko-cirko suna kallo. Har wani ya ɗago mana hannu, ni kuma don rashin abin yi na ɗaga masa.

Sabo ya ce, "Yaya, don Allah ka saurare ta."

Gwaggo ta matso kusa da injin. Ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin benci, ta ciro sifana, ta kwance fulogi, ta nuna mini shi sharkaf da mai. Ta goge shi da bakin zanenta, ta sa na ja igiya sau biyar ba fulogi don man ya fita, ta mayar, ta tura cok ciki, ta buɗe totur. Ashe marigayi mijinta ne ya fara tuƙa jirgin.

Ta ce, "To ja. Amma ka zauna tukuna."

A zaune, gaban surukan ƙanena? Na miƙe tsaye, na gyara hannun riga, na ja da ƙarfin zuciya. Ja ɗaya injin ya kama. Abin da ban sani ba, a garin fama na bugi giya ta shiga. Jirgi ya yi gaba, Injiniya ya yi baya. Allah ya sa wurin ruwan iya ƙirji ne, amma hulata ta kama hanyar Haɗeja, ba mu sake haɗuwa ba. Gwaggo ce ta juyo da jirgin, Sabo ya tsamo ni, ta kai mu gaɓa tana riƙe da inji da hannu ɗaya.

Mun samu uban amarya bai tashi ba, dariya ce ta zaunar da shi. Aka kai ni bayan masallaci ana matse mini riga. Ina nan na ji liman yana cewa, "Ina wakilin ango?" Wani dattijo ya amsa, "Ana shanya shi, Allah gafarta Malam."

Haka na karɓi aure cikin aron jallabiyar uban amarya, wadda ta tsaya mini a gwiwa. An ɗaura, yau 'ya'yansu shida, kuma babu wanda bai san labarin ba.

Abin da na koya shi ne, inji mai zafi ba ya son cok, kuma ba a kwance jirgi sai inji ya tashi. Tun daga ranar kuma, in tsohuwa ta ce in zauna, ko a kan tudu ne, zama nake yi.