Sunan Lantana a Bakin Dogo

Ranar da aka yi shelar za a rushe Dogo, wato tsohon bututun hayaƙin kamfanin takarda, duk garin ba wanda hankalinsa ya tashi kamar Malam Tanimu. Kamfanin dai ya daɗe da mutuwa, injuna sun yi tsatsa, jemagu sun gaji ofishin manaja, shi kuma bututun ya fara tsagewa yana neman faɗo wa gidajen da ke kusa. Kowa ya yarda gara a kayar da shi tun bai kashe wani ba. Malam Tanimu kaɗai ya ce atafau bai yarda ba, wai don kishin tarihi. Tarihin da yake kishi kuwa nasa ne.

A zamanin da kamfanin ke tashe, samarin ma'aikata suna da wata al'ada. Duk wanda ya ga yarinya ya ji ba shi da sauran sukuni, sai ya rataya gwangwanin fenti a wuya, ya bi matakalar ƙarfe har can bakin Dogo ya rubuta sunanta. Wanda bai hau ba, 'yan mata ko kallo bai ishe su ba. To, lokacin Tanimu yana sashen yankan takarda, yana neman Lantana kamar ya yi hauka. Wata Lahadi da ba kowa a kamfanin ya ɗauki fentinsa ya zagaya ta bayan bututun, wajen kogi, inda matakalar take. Bai yi wani nisa ba ya leƙa ƙasa, sai jiri ya kwashe shi. Gogan naka ya lallaɓa ya sauko, ya zauna a inuwa har la'asar, ya tuttular da fentin a kwata, ya shafe fuska da riga da baƙin hayaƙi, ya nufi ƙofar gidan su Lantana yana haki.

An yi aure, an hayayyafa, labarin hawa kuma sai girma yake yi tare da 'ya'ya. Da farko shaho ɗaya ne ya kawo masa hari a sama. Kafin ya yi jika shahon ya tara dangi. Da yana cewa daga can ya hango gadar kogi, daga baya sai ya zama saura ƙiris ya hango Makka. Duk sanda ya ɗauko zancen, Lantana tana tsintar shinkafarta takan ce, "Allah sarki, Malam."

Yanzu ga shi za a kwantar da bakin Dogo a gaban jama'a, kowa ya karanta abin da ke jiki. Malam Tanimu ya je wurin mai unguwa, ya je wurin injiniyan da aka ba aikin, har limami ya tara bayan sallar Juma'a, kowa ya ba shi haƙuri. Ba dariyar majalisa ce ta fi damunsa ba, ita wannan ya san kwana biyu za a yi a manta. Abin da ke cin ransa shi ne idon Lantana, matar da ya aura da wannan labari, wadda ta shekara arba'in tana zuba masa tuwo a matsayin jarumi.

Da ranar ta zo ya gwada dabararsa ta ƙarshe. Ya ce, "Lantana, ƙurar nan ba ta yi wa mai tari daɗi ba. Ki zauna gida, in na dawo na ba ki labari."

Ta ce, "Ai labari na sha shi, Malam. Su Asabe ƙawata duk za su je ganin sunayensu, ni ma ko da sanda sai na je." Ta yafa mayafinta ta yi gaba.

Da hantsi gari ya taru bayan igiyar da aka gitta. Aka busa jiniya, kowa ya toshe kunne. Malam Tanimu kuwa leɓensa sai motsi yake, mutane suka ɗauka salati ne, alhali roƙon Allah yake Ya mai da bututun gari, ko bulo ɗaya kada ya tsira. Nakiya ta tashi, Dogo ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya karkata ya zube, ƙasa ta girgiza. Da ƙura ta lafa sai ga ikon Allah: gangar jikin duk ta ragargaje, amma bakin, da yake an ɗaure shi da ƙarfe, ya faɗo sukutum ya kwanta a gefensa, tsayinsa bai fi kafaɗar mutum ba.

Tsofaffin mata suka yi caa a kai. Asabe ta ga nata ta rangaɗa guɗa. Wata da mijinta ya rasu ta dafa sunanta tana share hawaye. Lantana ta zagaya dama, ta zagaya hagu, ta dawo ta tsaya gaban mijinta.

Malam Tanimu ya gyara murya ya ce, "Ai ni ban cusa naki cikin na tarkacen mutane ba. Gefe guda na ware masa. Ina jin shi ne ɓangaren da ya kalli sama."

Alhaji Namadi, abokin wasansa tun suna kamfani, da ma jira yake. Ya ce, "To me ake jira? Mutumin da ya yi dambe da shaho, wannan ɗan tudun zai gagare shi? Jama'a, ku tallafa wa Tanimu ya hau ya karanto mana!"

Kafin ya buɗe baki an cicciɓe shi an ɗora. Ya miƙe tsaye, ya leƙa ƙasa, sai tsohon ciwo ya tashi. Ya durƙusa ya rungume ƙarfen da hannu bibbiyu, ya runtse ido gam. Daga nan ya ce, "Hayaƙi ya cinye shi. Wallahi a nan yake, hayaƙi ne ya cinye. Lantana, miƙo hannu ki saukar da ni, jiri nake ji."

Lantana ta matso ta miƙa masa hannu, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni da ma na san wata rana za ka hau, jira kawai kake ya sauko ya same ka."