Ranar da Na Mai da Yayata Sakariyar Jiha

Ba zan taɓa mantawa da zaɓen sakataren jiha na ƙungiyarmu ta manoman citta ba, ko da tsufa ya kwashe min sunayen 'ya'yana daga ka.

Yayata Rahila ce ta tsaya takara. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar babanmu, da cittar gonarta ta kai ni har kwalejin horon malamai. Kujerar kuwa ba ta wasa ba ce, don sakatare ne ke riƙe da rajistar manoma, kuma duk wanda sunansa ya faɗi daga ciki, iri da taki sai dai ya ji labari. Abokin takararta, Mista Bulus, tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai kwat da jakar hannu. Yaya kuwa firamare ta gama.

To, sai na naɗa kaina daraktan kamfe (babu wanda ya roƙe ni). Ai ni ne mai ilimin gidan, malamin Hausa a sakandare. Na ce za mu buga riguna, hotonta a gaba, rubutu a baya. Na zana kalmomin da hannuna, na kai shagon Oga Emeka mai buga riguna a Kafanchan. Babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya duba takardar, ya dube ni.

"Malam, ka tabbata haka kake so? Ka sake karantawa mana."

Na ce, "Oga, kai buga kaya ne aikinka. Ni nake koyar da harshen nan." Ko kallon takardar ban yi ba.

Ya ce, "Shi ke nan," ya ninke ta.

Ranar zaɓe da safe na karɓi rigunan a ɗaure cikin buhu, muka cika bas biyu zuwa Sabon Tasha, inda wakilai daga ko'ina a jihar suka taru a wani babban zaure. A bakin ƙofa na raba riguna cikin gaggawa. Matan Gwantu da na Zangon Kataf suka zura a kan zannuwansu, suka ɗauko ganguna da tulunan kiɗa irin na zumuntar mata ta coci. Ni ne a gaba, ina ɗaga hannu kamar ni ke takarar.

Muna shiga sai dariya ta tashi daga kujerun baya, tana bin mu layi-layi. (Na ɗauka farin jini ne. Har juyi na yi, don kowa ya ga bayana da kyau.) Sai Mama Kande, wata dattijuwa daga Gwantu, ta ja ni gefe.

"Ɗana, mene ne suna dariya? Zani na ya kwance ne?"

Ta juya don in duba mata. A nan na karanta, da manyan baƙaƙe ja: KU ZAƁI RAHILA, SAKARIYAR JIHA.

Na cinye "ta". Gaɓa ɗaya tak, na mai da sakatariya sakarya, na buga a bayan mata cike da bas biyu, na kuma shigo da su da kiɗa. Magoya bayan Mista Bulus har ɗaukar hoto suke yi, wani ya ɗaga murya, "Su da kansu sun faɗa!"

Yaya tana zaune a gaba cikin leshinta. Ta karanta bayan wata mata, sannan ta nemo ni da ido. Irin kallon da take min ke nan tun ina fasa mata kwano.

Da aka kira ta jawabi, sai ta miƙa hannu ta ce in ba ta rigata. Na cire, na tsaya da singileti a gaban jama'ar jiha guda. Ta ɗora ta a kan leshin, ta juya wa mutane baya sai da kowa ya karanta, sannan ta karɓi makirufo.

"Ƙanena malami ne, ba ya ƙarya. Ni sakarya ce. Shekarar da cuta ta ruɓar mana da citta, masu wayo suna ofis. Sakarya ce ta hau babur cikin ruwan sama, ƙauye-ƙauye, tana rubuta sunan duk wanda gonarsa ta mutu. Wanda na zo ƙofar gidansa, ya tashi tsaye."

Sai kujera ɗaya ta motsa, sai wata. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa miƙewa, har da wasu daga ɓangaren Mista Bulus. Mama Kande ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye da singileti ina share hawaye, ban san ko na kunya ba ne ko na alfahari.

Yaya ta ci zaɓen, da rata mai kyau. Mista Bulus ya zo ya gaishe ta, ya ce ko akwai ragowar riga a ba shi ɗaya.

A bas na matsa kusa da ita, na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Amma kin ga dabarar ta yi aiki."

Ta ce, "Rufe min baki. Yesu ne ya rufa maka asiri."

Yau duk wasiƙar ƙungiya ita ke rubutawa da hannunta, ba ta taɓa neman in duba mata ba. A unguwa kuma sunana ya koma Malam Ta, har fastonmu da shi yake kirana. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wauta, ka yi ta a bayan wanda ya fi ka hankali.